Lambar Injin Motar Wendell

Loretta ta cusa kai cikin bonet ɗin motar har kafaɗa, tocila a baki, tana goge gefen injin da tsumma. Minti ashirin ke nan tana abu ɗaya. Delbert yana tsaye a bakin garejin, hannu a aljihu.

Sana'ar matar ke nan, kuma duk jihar Ohio an san ba ta da sassauci. Takan duba lambar da masana'anta ta buga a jikin inji, ta gwada da ta jikin mota, in sun dace ta sa hannu a takarda. In ba su dace ba, ko motar uwarta ce ba za ta sa ba.

Motar ta Wendell ce, yayan Delbert. Ja ce mai ƙofa biyu, ya saye ta sabuwa fil a 1969, wata huɗu kafin a tura shi yaƙin Vietnam. Yau yana kan keken guragu da robar iska a hanci, likita ya ce da wuya ya ga Kirsimeti. Burinsa bai wuce ya damƙa wa ɗansa Curtis makulli haɗe da takardar shaida ba. Shekara goma sha ɗaya uba da ɗa ba sa ga maciji, sai bana suka shirya, shirin ma lallaɓa shi ake yi.

"Ke 'yar nan, barci kike a ciki ne?" in ji Wendell. "Ki yi sauri, yaron yana kan hanya."

Ta ɗago, ta cire tocilar daga baki.

"Baba, lambar daidai take. Sai dai ba masana'anta ce ta buga ta ba."

"Ban gane ba."

"Su sau ɗaya suke buga lambobin gaba ɗaya, shi ya sa suke fita a jere. Waɗannan ɗai-ɗai aka bi su da guduma. Dubi bakwai ɗin nan yadda ta karkace. Ƙarfen ma da hannu aka goge shi. An kankare lambar wani injin, an buga taka. Ka yi haƙuri, wannan ba injinka ba ne."

Delbert ba ya bukatar leƙawa, ya san bakwai ɗin nan sarai. Yana ɗan shekara goma sha tara yayansa zai tafi yaƙi ya bar masa ajiyar motar, ya ce ko tayar da ita kada ya yi. Ina! Ran wata Lahadi bayan coci ya shiga tsere da ita, injin ya tarwatse. Ya nemo irinsa a wajen 'yan gwangwan, ya ari ƙarafan buga lamba, da ya zo kan bakwai ƙarfen ya goce masa. Shekara hamsin da 'yan kai yana cewa gobe zai faɗa. Matsoraci ne, kuma ya san haka.

Wendell ya daɗe yana numfashi da ƙyar, sannan ya ce, "Curtis."

"Yaya, tsaya tukuna..." in ji Delbert.

"Curtis ne! Tun dawowata daga yaƙi ba wanda ya kwana da motar nan sai shi. Ka tuna shekarar da ya kai ta garin Toledo, wai gyaran birki, ya yi wata biyu? Ɗan banza! Watan jiya ya zauna a nan yana shafa ta yana kuka, ni ma na biye masa kamar wawa."

Delbert ya juya wajen Loretta. "Ba za a iya gane yaushe aka yi ba?"

"Tsatsar dai tsohuwa ce," ta ce, ta tsaya kallonsa fiye da yadda ya so. "Shekarar kuwa, sai wanda ya riƙe gudumar."

Ta tattara kayanta, ta ajiye takardar a kan bonet ba sa hannu, ta tafi.

Wendell ya laluba wayarsa. Delbert yana ji aka ɗauka, yana jin muryar Curtis cike da murna, wai saura rabin awa ya iso, har ya tsaya ya sayo wa babansa gasasshiyar kazar nan da yake so.

"Juya ka koma," in ji Wendell. "Kada ka zo yau, kada ka zo jana'izata." Ya kashe wayar.

Maganar tana nan a bakin Delbert, kalma biyu ce tak: ni ne. Har ya buɗe baki. Sai dattijon ya kamo hannunsa ya matse, hawaye na bin robar hancinsa.

"Del, duk duniya kai kaɗai ne ba ka taɓa cin amanata ba."

Delbert ya kama bayan keken, ya juya shi wajen ƙofa.

"Mu shiga ciki, Yaya," ya ce. "Akwai sanyi a nan."