Naman Dangin Ango

Tun yunwar 1974, Hamsatu ta Karofane ba ta iya ganin abinci ta ƙyale. Tana ci tana kuka, jiki yana ta ƙaruwa. Ranar wani suna, Biba, ƙanwar mijinta, ta kwaikwayi tafiyarta gaban mata, ta ce, "Ku ɓoye tukwane, ga rumbu nan tafe!"

Shekara biyu Hamsatu tana riƙe da abin. Ranar auren ɗiyar Biba, ta shiga madafa, ta buɗe naman da aka ajiye wa dangin ango. Ta ci har numfashi ya gagare ta, ta zuba wa sauran toka.

Baƙi suka koma Madawa da yunwa. Biba ta iso tana ihu.

Hamsatu ta ce, "Gishirinki ya yi kaɗan, Biba."