Dutsen Shizue

Mijin yayata, Tokuji, gwanin dasa duwatsu ne a lambunan Kyoto, kuma ban taɓa ganin mai nawa irinsa ba. Sai ya share wata guda yana zagaya dutse ɗaya, wai neman fuskarsa yake yi.

Da ciwo ya kwantar da yayata Shizue, abu ɗaya ta roƙa: a kawo mata dutsen bakin kogin ƙauyenmu, wanda muke wanki a kansa muna yara, ta riƙa ganinsa daga shimfiɗarta. Aka ɗauko shi a mota, aka sauke a lambun gidan, kan farar tsakuwa. Da an zuge ƙofar ɗakinta ta takarda sai ta hango shi, ta yi ta mini hirar da.

Tokuji kam abin ya tsaya masa a rai.

"Kamar an yar da buhun shinkafa," in ji shi. "Dutse ba a kan ƙasa yake zama ba, a cikinta yake zama."

"Maigida, ka bar shi haka mana," ta ce.

"Ki bari dai in yi miki na gaske."

"Kai dai ba ka son ganin dutse ya huta," na ce masa. "Da yana da baki da tuni ya kai ƙararka."

Ko kallona bai yi ba. Ya zauna a baranda, inda ake zama kallon lambu, ya auna da ido, ya sauka ya juya dutsen, ya dawo ya sake zama. A ƙarshe ya haƙa rami ya binne mafi yawansa, yadda ake yi don dutse ya zama kamar a nan ya tsiro. Ya kewaye shi da gansakuka, ya ja layuka a kan tsakuwar da manjagara. Gaskiya ya yi kyau, har ni sai da na rasa abin kushewa.

"Ya kika gani?" ya tambaye ta yana goge hannu.

Ta daɗe tana duban waje. "Ai hannunka ne. Sannu da aiki."

Daga ranar ba ta ƙara hirar kogi ba. Na ɗauka jikin ne. Kafin ganyen bishiyoyi ya gama zuba ta rasu.

Bayan an watse daga zaman makoki na je kwashe kayanta. Na tarar da shi kwance a tabarma, daidai inda shimfiɗarta take, kansa a kan matashinta. Har na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai na ga idanunsa.

"Mitsu, zo ki kwanta nan ki duba."

Na kwanta. Katakon gefen baranda ya tare dutsen ƙaf. Katanga kawai ake gani, da ɗan sararin sama.

"A zaune na auna," ya ce. "Haka aka koya mini, a zaune."

Haushinsa da tausayinsa suka taru suka kama ni. Tun kafin a kawo dutsen, Shizue ta daina iya tashi zaune.