Kafso Ɗan Misra

Shekara uku ke nan da aka hana ja-da-rawaya shiga gidan Malam Sama'ila na Horo Birni. Ja-da-rawaya kafso ne, rabi ja rabi rawaya, wanda Malam ya taɓa haɗiyar guda biyu saboda tari. Kafin a kira azahar leɓɓansa sun kumbura, jiki ya yi rudu-rudu, numfashi ya koma fita da ƙyar. A bayan motar albasa aka kwashe shi zuwa asibiti a Shagari. Likita ya ce jininsa ba ya shiri da dangin fenisilin, in ya kuskura ya sake sha ba lalle a iso da shi da rai ba. Mutanen gida suka saurara da kyau, suka gyaɗa kai, sannan suka watsar da sunan suka riƙe launin.

'Yarsa Bahijja, wadda ke aikin jinya a Boɗinga, ta yi bayani har bakinta ya gaji. Ta rubuta sunan a takarda ta manna a bango, aka cire aka ƙunsa daddawa da ita.

Ranar wata Alhamis mahaifiyarta Inna ta bugo waya cewa haƙorin Malam ya yi ƙurji. Bahijja ta tashi aiki ta hau babur, ta iso bayan la'asar. Ta same shi a ƙofar turaka bisa buzu, kunci ya yi suntum, baki ba ya buɗuwa sosai, amma azumin Alhamis na nan bai fasa ba. A gabansa an jera kwalaye uku kamar kayan talla.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa ya jiki, sannan ta ce, "Baba, waɗanga fa, wa yak kawo su?"

"Mutanen arziki," in ji Malam ta gefen baki. "Shuɗin ga kawunki Na'Allah yas sawo a kyamis. Farin ga maƙwabta sunka aiko. Wanga ko ɗalibina Mansur yaz zo da shi tun daga Misra. Duba da kyau, babu ja-da-rawaya ko ɗaya. In an sha ruwa ɗan Misra za ni sha."

Ta ɗauki kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Kowanne da sunan da kamfaninsa ya raɗa masa, an rubuta da manyan baƙaƙe masu ado. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙen da ba wanda ke kula su, kalma ɗaya ce ta maimaitu sau uku: amoksisilin, ɗan dangin fenisilin. Ta ji kamar ta ɗora hannu a ka.

"Allah shi gafarta Malam, dut abu guda na. Shi na dai wanda yak kai ka asibiti. Kamfani kawai ad daban, kowa da rigar da yas sa mishi."

"Abu guda ƙaƙa? Shuɗi da fari abu guda? Haƙori ka ciwo, ɗiyata, ba ido ba."

Da a wurin aiki ne, da tuni ta tattara kwalayen ta jefa a aljihun tebur ta kulle, mai so ya yi fushi. Amma wa ya isa ya miƙa hannu ya kwashe abu daga gaban Malam Sama'ila, mutumin da dattawan gari ke tuɓe takalmi tun daga zaure in za su gaishe shi? Sai ta gyara durƙuso ta bi ta lallashi. Ta ce maganin ba shi da laifi, ita kanta kullum tana ba da shi, ga yara masu ciwon kunne, ga masu ciwon ƙirji, har ma da irin wannan ƙurjin haƙori. Ga mutum dubu waraka ne, gare shi kuwa guba. Ta ce ya daure zuwa safe ta kai shi Boɗinga, akwai wani magani da ba dangin wannan ba ne.

Malam ya saurare ta tsaf, don ba ya katse mai magana. Da ta gama ya ce, "Likitan Shagari bai ga ɗan Misra ba."

Inna ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu. "Ke dai tun da kinka yi karatun ga, kowane magani kisa shika yi. Bar bawan Allah shi samu sauƙi." Ta koma abinta.

Rana ta yi ƙasa, inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Bahijja ta cika ta yi fam, ga tsoro na cin ta, don ta san in ta juya baya zai sha. Cikin rashin abin yi ta buɗe kwalin Misra, sai ga takarda a ninke ta faɗo. Gefe ɗaya Turanci, ɗaya gefen Larabci.

Ta miƙa masa da hannu biyu. "Baba, Larabcina bai kai nan ba. A duba muna yadda aka shan shi, kada a yi kuskure."

Wannan kam ta yi wa Malam daɗi. Ya ɗauko tabarau, ya karkata takardar wajen sauran haske, ya shiga bi da yatsa. Can yatsan ya tsaya. Ya koma farkon layin ya sake bi. Ya cire tabarau ya dube ta da fuskar da yake yi wa ɗalibin da ya zo bai yi bita ba.

"Bahijja, kin ko san maganin ga ba a ba wanda jininai bai shiri da binsilin? Ga shi nan an rubuta ɓaro-ɓaro. Ya kamata ku mutanen asibiti ku riƙa karanta takardun ga."

Binsilin, wato fenisilin da Larabci. Shekara uku tana faɗa da Hausa! Ta haɗiye abin da ya taso mata, ta ce, "To, Baba. Za mu riƙa karantawa."

Ladan ya ɗaga murya. Inna, wadda ba ta ji komai ba saboda ƙarar ludayi da tukunya, ta fito da kofin kunu ta sa wa Malam a hannu, tunda dabino ba zai taunu ba. Ya yi addu'a ya ɗaga kofin. Inna ta juya za ta koma ke nan ta ce, "Na hutasshe ka haɗiya, Malam. Shuɗin ga na Na'Allah na ɓare biyu na juye ciki."

Bahijja ba ta san lokacin da hannunta ya tashi ba. Kofin ya yi sama, ya bugi katanga, kunu ya wanke gaban rigar Malam har gemu. Inna ta saki salati. Tunda aka kafa gidan nan ba a taɓa ganin wanda ya buge abu daga hannun maigida ba, balle ɗiya, balle a bakin buɗa baki.

Bahijja ta zube a ƙasa, hawaye na zuba. Malam ya daɗe yana kallon kunun da ke gangarowa a rigarsa. Ya sa gefen rawani ya goge leɓensa a hankali, sau biyu, ya tofar.

"Tashi," ya ce, muryarsa ba irin ta ɗazu ba. "Ɗebo mini ruwa in buɗe baki. Ke da kanki za ki ɗebo."