Bandejin Izzuddeen

Izzuddeen ya shigo Illela yana ɗingishi, kuma ɗingishin na ƙarya ne. A tashar Sakkwato ya sayi bandeji, ya laɓe bayan wata mota ya naɗe gwiwarsa ta hagu, don ita aka taɓa yi wa aiki, kowa ya san tabon. Kafin su wuce Gwadabawa har ya ƙware da cije leɓe idan zai motsa ƙafar.

Mutumin ya sha yawo da ƙwallo. Daga Konni ya fara, nan tsallaken iyaka, ya yi Tawa, ya yi Yamai da Kwatano, ya buga a Sudan har yaƙi ya watsa su, ya gangara Libiya. Ba tauraro ba ne, kada mu yi masa ƙarya. Irin 'yan wasan nan ne da kulob ke ɗauka idan ya rasa wanda yake so, a yi kaka ɗaya da su a sallame su da godiya. Amma a Illela, inda hotunansa kawai ake gani a waya, babu mai gaya maka akwai kamarsa.

A Oman abin ya tsaya. Wani ƙaramin kulob ya kira shi, aka kai shi gwajin lafiya kamar yadda aka saba. Likita ya ɗora masa na'ura a ƙirji, ya daɗe yana kallon allo. Daga ƙarshe ya ce naman zuciyarsa ya yi kauri fiye da kima, gudu mai ƙarfi ya haramta gare shi, don zai iya faɗuwa a fili bai tashi ba. Sai ya tambaya ko a gidansu wani ya taɓa mutuwa farat ɗaya da ƙuruciyarsa.

Izzuddeen ya ce a'a. Alhali yayansa Attahiru a filin Illela ya faɗi ana tsakiyar wasa, shi yana ƙaramin yaro a bakin layi yana kallo. Wasu suka ce zafin rana ne, wasu suka ce iska ce, Inna, mahaifiyarsu, ta ce kwana ne ya ƙare.

Likitan ya ce ciwon yana bin jini, idan yana da ƙanne a kai su a duba kafin su taka ƙwallo. Izzuddeen ya gyaɗa kai, amma hankalinsa na kan kwantiragin da ya suɓuce, maganar ta shiga ta nan ta fita ta can.

Tun ranar tsoro ya zauna masa. Yana jin zuciyarsa idan ya sunkuya alwala, yana jin ta idan babur ya faɗa rami. Bai gaya wa kowa ba. Gwiwa ciwo ce ta mutunci, ana warkewa, dillalin 'yan wasa zai iya sake kira. Zuciya kuwa, wa zai kalli Inna ya ambaci abin da ya ɗauke Attahiru?

Sai dai ya dawo a mummunan lokaci. Washegarin Babbar Sallah samarin Illela ke karawa da na Konni, kuma wasan yana da ƙa'idarsa tun ta da. Ɗan garin da ya dawo daga waje zai buga da rigar kulob ɗinsa, kuma mai rigar waje ba a canza shi, sai usur na ƙarshe. Idan mai ita ba zai iya ba, jininsa ke sa ta. Don wannan wasan ya sayi bandejin.

Bayan la'asar fili ya cika, 'yan Konni sun tsallako da babura da ganguna. Koci Hamidu, wanda facin taya ne sana'arsa sauran ranakun shekara, ya zo ya duƙa ya taɓa gwiwar kamar mai duba taya.

"Allah shi sawwaƙe," in ji shi. "To, tunda ƙahwa ta hana, Nu'man shi sa rigar."

Nu'man ne autansu, dogo siriri, yana tsaye bayan koci bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Allah Ya yafe wa Izzuddeen, abin da ya ji a lokacin sanyi ne a ransa, ya tsira. Da hannunsa ya zaro jar rigar Libiya daga jaka ya miƙa wa yaron, har da dafa masa kai. Aka kawo masa farar kujera ƙarƙashin rumfa, ya miƙe ƙafar a kan benci kamar wani mai sarauta.

Nu'man ya yi gudu ranar kamar ba gobe. Duk ƙwallon da aka samu gefensa ake jefawa, don kowa na son ya ga jar riga ta tashi. Wani tsoho kusa da Izzuddeen ya ce, "Wanga yaro, gudun marigayi Attahiru na sak."

An dawo daga hutun rabin lokaci ba da jimawa ba, Nu'man ya bi wata doguwar ƙwallo ta fita. Bai juyo ba. Ya tsaya ya dafa gwiwoyinsa, sannan ya miƙe ya dunƙule hannu ya buga ƙirjinsa sau biyu, a hankali, kamar wanda tuwo ya tsaya wa.

Izzuddeen ya san wannan bugun. Ya gan shi sau ɗaya a rayuwarsa, a wannan fili, daga wannan gefe, ranar da Attahiru ya faɗi. Maganar likitan da ya yar a Oman ta dawo masa gaba ɗaya.

"Koci!" ya ƙwala kira. "Hidda Nu'man!"

Hamidu ya waiwayo. "Mi?"

"Hidda shi, na ce. Ya gaji."

"Haba, Izzu. Rigar waje ba ta hita, kai ka hi kowa sani. Yaro na, shina hutawa."

"Don Allah, koci."

Amma Hamidu ya riga ya juya, don golan Illela ya daki ƙwallo ta tashi sama, ta nufi can gefen Nu'man. Jama'a suka ɗauki sunansa. Yaron ya sunkuyar da kai ya fara gudu.

Tsakaninsu faɗin fili ne gaba ɗaya. Izzuddeen ya duba filin, ya san abin da aka ce zai same shi idan ya yi gudu. Ya sauke ƙafar daga benci.

Ya shiga filin da gudun da bai taɓa yi wa wani kulob ba. Bandejin ya warware yana jan ƙasa a bayansa. Gangunan Konni suka yi shiru, alƙalin wasa ya tsaya da usur a baki, mutanen Illela na kallon gurgunsu yana keta 'yan wasa. Shi ba ya jin komai sai ƙirjinsa, bugu biyu a jere, shiru, sannan wani mai ƙarfi har cikin haƙora. Ya yi kalmar shahada a zuci bai rage gudu ba.

Ya cafko jar rigar ta baya, suka zube tare a ƙasa.

Nu'man ya tashi zaune yana haki, idonsa ya kawo ruwa don kunya. "Yaya, mi na yi maka? Gaban mutane? Kuma ina ciwon ƙahwar?"

"Ƙahwata lahiya lau," in ji Izzuddeen, numfashinsa na yankewa. Mutane sun kewaye su, kowa na ji. "Abin da yak kashe Attahiru, shi a gare ni. Likita ya ce jini shika bi. Tuɓe rigag ga."

Nu'man bai motsa ba. Izzuddeen ya kama hannun yaron ya ɗora a nasa ƙirjin don ya ji da kansa, shi kuma ya ɗora tafinsa a kan na Nu'man, yana roƙon Allah ya ji bugu lafiyayye.

Ƙirjin Nu'man ma, bugu biyu a jere. Shiru. Sannan wani mai ƙarfi.

Bai ɗauke hannun ba.