Ranar da Mantwa Ta Rasa Uzuri

Shekara ashirin da huɗu Mantwa ta yi tana ba da kati a wani ƙaramin asibiti a Soweto, don haka ba mai koya mata halin mutane a layi. Da ta yi ritaya sai ta kwashi wannan ilimi kacokan ta kai shi babban wurin wasan nan na kudancin Johannesburg, inda take kai jikokinta duk hutun Disamba. Shekara huɗu a jere, jikokin sukan hau lilo bakwai kafin 'ya'yan wasu su hau biyu.

Ita dai ba ta taɓa hawa ko ɗaya ba. Kullum tana ƙasa, jakunkuna a kafaɗa, ƙaramin jikan a hannu. In an matsa mata ta shafa gwiwa, ta ce ba za ta iya tsayuwar layi ba.

Bana jikokin sun tafi Polokwane wajen dangin ubansu. Sai ga yayarta Puleng ta zo hutu daga QwaQwa, mace mai shekara sittin da biyar da dariya mai girgiza kwano. Kwananta biyu ta ce ita fa sai an kai ta wurin nan da yara suka cika mata kunne da shi a waya.

“Ausi, wurin yara ne,” in ji Mantwa. Haka take kiran yayar tata.

“An rubuta a ƙofa? Shekara arba'in ina koyar da 'ya'yan mutane, ina kai su yawon buɗe ido, ni ina gadin motar makaranta. Yanzu lokacina ne.”

Ranar Talata da la'asar Mantwa ta tara su a kicin: Puleng, da Motsamai mijin Mantwa, tsohon direban bas wanda ba abin da ke sa shi sauri a duniya, da 'yarsu Keneilwe wadda za ta tuƙa su. Ta shimfiɗa taswirar wurin a kan tebur, ta danne ta da gwangwanin sukari.

“Gobe Laraba. Masu hankali ba sa zuwa Asabar. Ana buɗe ƙofa tara da rabi, mu takwas da kwata muna can. Keneilwe ta riga ta sayi tikiti a waya.”

“Na ɗauki hotonsu ma, Mme, ko da sabis zai ɗauke,” in ji Keneilwe. Mme a yarensu shi ne mama, haka kuma ake girmama kowace babbar mace.

“Yauwa, 'yar albarka. To ku saurara. In an buɗe, mutane kamar tumaki suke. Lilon farko da suka gani nan za su taru. Mu ba ruwanmu da shi. Mu zarce can ƙarshe.” Ta ɗora yatsa a kusurwar taswirar. “Sefefo. Shi ne babba, shi ne layinsa ke kai awa ɗaya da rabi in rana ta yi. Daga shi mu riƙa dawowa baya, muna haɗuwa da su suna tafiya gaba.”

“To abinci fa?” in ji Puleng.

“A mota. Shayi rabin kofi, kowa ya zaga bayi kafin ƙofa. Ba jaka, don masu jaka sai an caje su. Takalmi mai igiya. Kuma Ausi, ba hoto.”

“Haba! In sha wannan tafiya ba hoto?”

“Bayan sha ɗaya ki ɗauki dubu.”

Motsamai ya kurɓi shayinsa ya ce, “Ni da na auri ma'aikaciyar asibiti, ashe kwamandan soja na kawo gida.”

Da safe komai ya tafi daidai, in ban da Puleng da ta fito da kwandon da zai ciyar da gidan biki: soyayyar kaza, dafaffen ƙwai, da magwinya masu zafi, irin fanken nan da take soyawa manya-manya. A filin ajiye motoci suka buɗe bayan mota suka ci a tsaye. Mantwa na tauna tana duba agogo.

A bakin ƙofa ba su fi mutum talatin suka tarar ba. Mantwa ta tsaya ta ƙare wa layukan kallo. Na tsakiya akwai kekunan jarirai uku. Na dama wata mata ce da garken yara masu riguna iri ɗaya. Ta ja mutanenta zuwa na hagu can gefe, wanda ba kowa ke lura da shi ba.

Nan ta gan shi. Wani dattijo ne siriri da hular kaki, da matarsa da 'yan mata biyu a bayansa. Ba jaka a hannunsu. Takalmansu duk masu igiya. Taswira naɗe a aljihun rigarsa. Ya dubi ƙafafun su Mantwa, ita ma ta dubi nasu. Suka gaisa da ka, gaisuwar da ba ta kai zuci ba.

“Wancan ya san kan abin,” ta raɗa wa Keneilwe. “Sefefo za shi.”

“Mme, lilon yana ɗaukar mutum ashirin da huɗu. Zai ishe mu duka.”

“Kujerar gaba biyu ce tak. Ausi ta zo daga nesa, gaba za ta zauna.”

Kafin tara da rabi bayansu ya cika maƙil, har layi ya karya kwana ya bi titi. Aka buɗe. Keneilwe ta nuna waya, ƙarfen ƙofa ya juya, suka shige.

Gudu haramun ne a wurin, masu gadi na tsawatarwa. Mantwa tana da wata tafiya da ta koya a barandar asibiti, ba gudu ba ce amma mai gudu sai ya yi da gaske. Ta sa kai. Dattijon hula yana gefenta, kafaɗa da kafaɗa, kowa na yi kamar bai ga ɗan'uwansa ba. Jama'a kuwa, kamar yadda ta faɗa, suka yi dafifi a lilon dawakan katako na bakin ƙofa.

Sai ta waiga, ba Puleng.

Can ta hango ta rungume da wani mutum cikin kayan zomo, tana miƙa wa Motsamai waya.

“Ausi!”

“Ɗaya tak! Dubi kunnensa, don Allah!”

“Ntate, kai ma biye mata za ka yi?” ta ce da mijinta. Ntate, wato baba, haka take kiransa.

“Yayarki ce. In ƙi?”

Kafin ta janyo su, dattijon hula da iyalinsa sun sha kwanar babbar hanya sun ɓace. Keneilwe ta ce shi ke nan, a haƙura. Mantwa ta kama hannun Puleng ta karkata da su bayan shagon askirim, ta wani siririn lungu da ke bi tsakanin bayi da rumfar harbin balan-balan. Shekarar da ƙaramin jikanta ya matsu ta gano shi. Suka ɓullo daidai gindin Sefefo, dattijon yana tafe daga nesa, taku kusan talatin. Da ya gan su sai ya ci birki, ya ciro taswira ya duba, ya sake dubansu.

Mantwa ta ɗaga masa hannu.

Sefefo, wato guguwa, jirgi ne mai bin dogon ƙarfe. Yana hawa sama kamar bene goma, ya sulmiyo, ya kife da mutane sau uku. Shingen layinsa mai lanƙwasa-lanƙwasa, wanda da rana ke cike da mutane suna fifita, yanzu wayam yake. Suka bi shi har bakin taragon. Ma'aikaciyar wurin, wata budurwa mai kitso ja, ta yi musu murmushi.

“Ku ne na farko yau. Ku zaɓi inda kuke so.”

Mantwa ta ja numfashin nasara. Ta zaunar da Puleng a gaba, ta ja da baya.

“To, ku hau. Ina nan ƙasa ina jiranku.”

“Kina jiranmu da me?” in ji Puleng.

“Zan riƙe...” Ta dubi hannunta. Ta dubi nasu. Ba jaka ko ɗaya.

“Ke kika hana,” in ji Motsamai, yana gyara zama a layi na biyu.

“To gwiwata.”

“Gwiwar da ta tsere wa mutumin can yanzu?” in ji Keneilwe. “Mme, tsayuwar layi kika ce ba kya iyawa. Ina layin?”

Mantwa ta waiga. Shinge dai wayam, sai dattijon hula da ya iso yana haki. Ba jikan da za ta ce tana tsaro. Duk wata ƙofar gudu, ita da hannunta ta toshe ta tun jiya.

Puleng ta daina dariya. Ta bubbuga kujerar da ke kusa da ita.

“Zo nan, ƙanwata. Tsoro kike ji?”

“Eh,” in ji Mantwa a hankali. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

“Ni ma tsoron nake ji. Zo mu ji shi tare. Ko in zauna da baƙo?”

Dattijon ya gyara murya. “Mme, in ba za ki hau ba, ni ina son kujerar.”

Wannan ce ta yanke magana. Mantwa ta shige ta zauna daram. Budurwar ta danno ƙarfen kariya ya kama ƙirjinta, ta jijjiga shi ta ga ya kulle. Dattijon da matarsa suka zauna a layi na uku.

Jirgin ya fara hawa, ƙaƙas, ƙaƙas, ƙaƙas. Mantwa ta runtse ido, sannan ta ga duhun ya fi muni, ta buɗe. Ga rufin shaguna ya koma kamar akwatin ashana. Ga tsibin ƙasar ma'adinai rawaya-rawaya, ga dogayen benayen gari a cikin hazon safiya. Ta buɗe baki za ta ce wa Puleng abin ma da kyau, sai gaban jirgin ya leƙa ƙasa, ta ga ba komai a gabanta sai iska.

Abin da ya fito daga bakinta, ita kanta ba ta san tana da shi ba. Ta kira Ubangiji. Ta kira mahaifiyarsu da ta rasu. Da jirgin ya kife karo na farko sai ta koma kan kakanni.

“Bataung! Zuriyar zaki! Ku tare ni! 'Yarku ce, Bataung!”

Ta zazzago kirarin danginsu tun daga farko, wanda rabon da ta yi shi tun bikin aurenta. Puleng na gefe tana ihu tana dariya, hawaye na gudu zuwa kunnenta. Motsamai bai ce uffan ba. Daga baya ya ce addu'a yake yi a zuci, Keneilwe ta ce suma ya yi.

A kifewa ta uku wani abu ya saki a ƙirjin Mantwa. Ta ji ihun nata ya juye ya zama shewa. Minti biyu ba su cika ba jirgin ya tsaya cak inda ya tashi.

Ta sauko daga jirgin. Sai ga dattijon a gabanta, hula a hannu.

“Mme, ke Motaung ce, 'yar dangin Bataung?”

“Ni ce.”

Ya ɗora daga inda ta tsaya a kirarin, ya kai shi ƙarshe ba tuntuɓe. Puleng ta rangaɗa guɗa har budurwar lilon ta firgita. Sunansa Lebajoa, mutumin Ficksburg, kuma da aka bi sawu sai ga shi kakarsa da kakansu 'yan ƙauye ɗaya ne.

“Ashe 'yar'uwata ce ta yi mini wannan cin fuska,” in ji shi. “Shekara shida ina zuwa nan, ba wanda ya taɓa riga ni. Ta ina kika bi?”

“Sirrin gida ne.”

“Ai ni ma ɗan gida ne yanzu.”

Ta nuna masa lungun. Shi kuma ya gaya mata abin da ba ta sani ba: kwale-kwalen nan mai faɗawa ruwa ba a buɗe shi sai goma, don haka a fara da motocin karo, a iso masa daidai ana cire sarƙa. Suka haɗe, mutum takwas, kwamanda biyu a gaba suna gardama. Kafin sha ɗaya sun hau biyar, kuma Mantwa ba ta tsaya a ƙasa ko sau ɗaya ba. A motocin karo ta bi Motsamai ta yi ta dukan motarsa, yana cewa shekara talatin yana tuƙi ba a taɓa yi masa haka ba. A kwale-kwale ruwa ya jiƙa su sharkaf, matar Lebajoa da Puleng suka fito suna matse siket suna tsine wa wanda ya ƙirƙiro shi.

Da rana ta take, wurin ya cika ba masaka tsinke, suka fita filin motoci. Kwandon Puleng ya samu masu ci. Aka yi musayar lambar waya, aka sa ranar ziyara.

Ranar Lahadi Mantwa ta tsaya a sahun mawaƙan coci, aka ɗaga waƙa, ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai wani siririn ƙara kamar ƙofar da ta rasa mai. Bayan an tashi shugabar mawaƙa, Mme Ramatlapeng, ta tare ta a bakin ƙofa cikin damuwa.

“Mura ce? Ki sha citta da zuma.”

Mantwa ta girgiza kai.

“Kirarin kakanni ta yi,” in ji Puleng daga baya. “Kai a ƙasa, ƙafa a sama.”

Dole aka zauna a kan benci aka ba da labari, Puleng na faɗa tana ƙara gishiri, Mantwa na gyara mata da hannu. Kafin su kai gida, mata tara sun rubuta sunansu a bayan takardar waƙa, suna so ta kai su a Janairu in yara sun koma makaranta. Mme Ramatlapeng, mai shekara saba'in da ɗaya, ita ce ta farko, kuma ta ja layi biyu a ƙarƙashin sunanta.