Na Goma a Jana'izar Kawu Leiba

"Lokaci ya ƙure, amma ga hannu ɗaya can baya," in ji shugabar zama.

"A bar shi ya tambaya," Dakta Markas ya ce, yana murmushi. Tun ɗazu wayarsa ke rawa a aljihu, kuma ya san mai kiran: Fruma ce, 'yar Kawu Leiba, maƙwabcinsa na hawa na biyu da ya rasu jiya.

Malaman jami'a talatin ne suka zo birnin Kaunas kwas ɗin bazara, kan koyar da tarihin Yahudawa da kisan kiyashin da aka yi musu. Markas, wanda shi ma Bayahude ne, yana bayanin yadda jama'arsu ta ƙare a garuruwa har ake rasa maza goma, alhali addu'ar mamaci ba ta yiwuwa sai da goma. Maganar ta yi masa daɗi a baki, shi kuwa mutum ne mai son a saurare shi.

Dama tun da safiyar yau Fruma ta tare shi a matakala. "Mun haɗa tsofaffi tara da ƙyar, har da mai keken guragu. Kai ne na goma. Ƙarfe biyu."

"Haba Fruma, mutumin da ya koya mini baƙi? Ko da rarrafe zan zo."

A wurin kwas ɗin kuwa, tambaya ɗaya ta haifi uku. Sai uku saura kwata tasi ta sauke shi a maƙabarta, ya tarar tsofaffin suna fitowa a hankali, ana tura mai keken. Babu wanda ya dube shi. Sun jira a rana har jiri ya kama ɗayansu, sannan aka rufe Kawu Leiba ba addu'ar.

Fruma na tsaye ita kaɗai a bakin kabarin.

"An tafa maka?" ta ce.

"Riƙe ni aka yi..."

"Wa ya riƙe ka, Dakta? Cire wannan katin daga wuyanka, nan kowa ya san sunanka."

Kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga kai. Ya cusa katin a aljihu. Ita kuwa ta wuce abinta.

An bar shebur ɗaya soke a gefe. Ya zare shi, ya ɗebo ƙasa, ya tsaya riƙe da ita yana neman inda zai zuba. Kabarin ya riga ya cika.