Garin Kunun Kawu Gwadabe

Shamsiyya ta shigo unguwar Zaitawa da hantsin wata Asabar, kwamfutarta a jaka, tana ganin ɗan aiki ne za ta yi ta koma gida kafin azahar. Tun daga Ƙofar Nassarawa ta ga hadari yana haɗuwa ta gabas, amma ba ta damu ba. Mai adaidaita ya sauke ta a bakin titi, ta taka da ƙafa ta bi lungun da ta girma a cikinsa.

Kawu Gwadabe wan mahaifiyarta ne. Shi ya ɗauke ta tana 'yar ƙarama bayan rasuwar uwar, shi ya sa ta a makaranta, shi ya tsaya mata har ta karanta ƙididdiga a jami'a. Aikinsa ya yi a wani ƙaramin asibitin unguwa, ɓangaren awon yara, har ya yi ritaya. Sai dai ritayar ba ta raba shi da yara ba. Shekara da shekaru yana haɗa wani garin kunu na gero da waken suya da gyaɗa da busasshen zogale, yana ba iyayen yaran da tamowa ta kama. A unguwar ba a san garin da wani suna ba sai garin Malam Gwadabe.

Wata ƙungiya mai kula da abincin ƙananan yara ta ji labarinsa, ta ce ya zo taronta da hujja. In hujjar ta tsaya, za su kai garin asibitoci da yawa. Kawu kuwa ya riga ya yi nasa aikin. Ya auna yara rukuni biyu, waɗanda suka sha garinsa da waɗanda suka sha kunun da aka saba, ya sake auna su bayan 'yan watanni, wata tsohuwar abokiyar aikinsa ta shigar masa da awon a kwamfuta. Abin da ya rage, a cewarsa, Shamsiyya ta danna abin dannawa lissafi ya fito.

A soro ta same shi, ya shimfiɗa darduma, ya jawo ƙaramin tebur kusa da soket. Matarsa, Inna 'Yardada, ta leƙo suka gaisa, ta ajiye kwanon fura ta koma ciki. Kawu ya gyara zama a gefen Shamsiyya, ya saka tabarau, kamar mai jiran a karanta masa sakamakon jarrabawar da ya tabbata ya ci.

Shamsiyya ta buɗe manhajar lissafi, ta fara zana hoton lambobin, wato nauyin da kowane yaro ya ƙara. Maimakon su taru a tsakiya kamar tulin gero, sai suka cure a gefe ɗaya, ga wata doguwar jela ta 'yan yaran da suka yi ƙiba sosai. Gwajin da take son yi don kwatanta rukunin biyu ba ya aminta da lambobin da suka karkace haka. Amma wannan ba sabon abu ba ne a wurinta. Akwai wata dabara da ake kira Box-Cox, wadda manhaja za ta nemo wata lamba mai suna lamda, ta yi amfani da ita ta danne manyan lambobi ta buɗa ƙananan, har tulin ya miƙe. Ta yi wa Kawu bayani a taƙaice, ya gyaɗa kai, ta rubuta umarnin ta danna.

Jan rubutu ya fito. Manhajar ta ce ba za ta karɓi sifili ba, balle abin da ke ƙasa da sifili.

Ta ce masa kuskuren shigarwa ne, ana yawan samun haka. Ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Ta ga inda aka sa waƙafi a maimakon ɗigo, ta gyara. Ta ga wani yaro da aka rubuta awonsa da giram, sauran da kilo, ta gyara. Ta sake dannawa, jan rubutun ya dawo yadda yake. Sai ta jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, ta tsaya tana kallon saman jerin. Ba kuskure ba ne. Yara ne da suka rame a maimakon su ƙara nauyi, sun fi goma, kuma yawancinsu a rukunin garin Kawu suke.

Tana cikin kallon nan iska ta taso ta buga ƙyauren soron, aka ɗauke wuta, ruwa ya sauko da ƙarfi. Kawu ya tashi ya rufe taga, soron ya yi duhu, sai hasken kwamfutar a fuskokinsu.

Ta ƙara wa kowace lamba wani adadi domin duka su haura sifili, manhajar ta karɓa. Amma da ta canza adadin sai lamda ta canza, sakamakon ma ya canza. Da wannan adadin bambanci tsakanin rukunin biyu zai ɗan leƙo, da wancan ya ɓace. Ta san abin da ke rawa haka ba a tsayawa a kansa a gaban mutane. Ta koma wata dabarar, 'yar'uwar ta farko, wadda take karɓar lambobin ƙasa da sifili yadda suke. Tulin ya miƙe tsaf, ba jan rubutu ko ɗaya. Ta yi gwajin. Babu wani bambancin da za a iya kafa hujja da shi.

Ta sake yi ta wata hanyar da ba ta buƙatar a miƙe lambobin, amsar ita ce dai. A waje kwata ta cika ta tumbatsa, ruwa yana gudu a lungun kamar rafi, ya kusa taɓa dokin ƙofar soron. Ko da ta so ta ce za ta je gida ta duba a tsanake, babu hanyar fita.

Daga nan ta yi abin da ta san bai kamata ba, don kawai ta gani. Ta ware yaran da suka rame gefe, ta sake gwajin farko. Komai ya tafi sumul. Zanen ya fito da sanduna biyu, ta garin Kawu ta yi wa ɗayar nisa. Kafin ta rufe, Kawu ya matso. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana karanta katin awon yara ba ya buƙatar a fassara masa zane.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ai ga shi nan."

Ta ce, "Kawu, wannan ba shi ba ne. Sai da na cire wasu yara ya fito haka."

Ya tambaya waɗanne, ta nuna masa. Ya bi su da yatsa a kan gilashin, kuma duk ya san su. Wannan jikar Ilu mai rini ce ta Ƙofar Mata, gudawa ta yi mata mugun kamu. Wannan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi har aka ƙara masa jini. Waɗannan biyun 'yan gida ɗaya ne, tare suka yi amai da gudawa. Ya ce ciwo ne ya ramar da su ba garinsa ba, don haka cire su gyara ne, ba ha'inci ba. A natse yake maganar, kamar yadda yake lallashin uwar da ta tsorata da allura.

Shamsiyya ta ce, "Kawu, in na cire duk wanda ya rame, waɗanda suka yi ƙiba kaɗai na bari. Ko ruwan zafi aka ba su, lissafin zai ce ya yi aiki."

Tana rufe baki ta so a ce ta haɗiye maganar. Kawu ya cire tabaransa ya riƙe a hannu. Ya maimaita kalmar ruwan zafi a hankali, sau ɗaya, bai ƙara ba. Da ya yi faɗa da ta fi samun sauƙi. Da ya tuna mata abin da ya yi mata a rayuwa, da ta samu abin da za ta yi kuka a kansa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna yana kallon ƙyaure, ita tana kallon batirin kwamfuta yana raguwa, soron ya yi musu ƙanƙanta.

Da aka kira azahar bai iya fita masallaci ba, ya tara ruwan indararo a buta ya yi alwala a bakin ƙofa. Ita ta lulluɓa mayafi ta ruga cikin gida. Bayan sun idar da salla Inna 'Yardada ta tsare ta a ɗaki, don ta ji komai ta ƙofar tsakar gida. Ta gaya mata cewa tun da ƙungiyar nan ta aiko, Kawu bai da zance sai wannan. Ya faɗa wa abokansa na majalisa, ya faɗa wa liman, ya ce 'yarsa ce za ta fitar da hujjar da hannunta. Ta ce ita ba ta san lissafi ba, amma da idonta ta ga yaran da aka kawo kamar tsumma suka tashi suna gudu. Sannan ta tambaye ta me zai ragu a jikinta in ta faranta wa tsohon nan.

Shamsiyya ma ta ga yaran, ita ma ta sha kunun tana ƙarama. Amma ta san in aka kai garin asibitoci bisa zanen da ta gyara, za a iya ajiye wani abincin a ɗauki wannan, kuma yaran da za su sha ba su san Kawu ba balle su ji nauyinsa. Ta naɗe sallaya, ta koma soro domin babu wani wurin zuwa.

Kawu ne ya fara magana, ba tare da ya dube ta ba. Ya ce ba ta san damina ba ne a lungunan nan. Kowace shekara in ruwa ya zauna, gudawa da zazzaɓi sai sun bi gida-gida, yaron da ya fita da nauyinsa ma ya gode wa Allah. Yaransa duk a cikin damina suka sha garin, me take so su yi?

Ta ɗago kai. Ta tambaye shi ɗaya rukunin fa, yaushe aka auna su. Ya ce da rani, tun kafin ya gama haɗa garin da zai isa.

Ta ji kamar an ɗan buɗe taga. Ta yi masa bayani da sauri, har tana haɗa kalmomi. Ta ce ashe ba gari da kunu aka gwada ba, damina da rani aka gwada. Lissafin bai ce garinsa ba ya aiki ba, cewa ya yi ba zai iya sani ba. Mai yiwuwa ma garin ne ya hana yaran damina lalacewa fiye da haka. Babu lamdar da za ta gyara wannan, sai dai a sake awon, rukunin biyu a lokaci ɗaya.

Ta zaci zai ji daɗi. Sai ta ga kafaɗunsa sun sauka.

Ya ce, "Wato duk wahalar nan babu komai a cikinta."

Ta ce, "Akwai, Kawu. Amma ba abin da suke nema ba ne."

Can ya ce ta rubuta yadda ta gani, kada ta cire kowa. Amma tare za su je taron, ta zauna a inda zai riƙa ganinta.

Sai bayan la'asar ruwan ya tsagaita. Ta tattare zaninta ta bi gefen katanga, taɓo har idon sawu, Kawu bai rako ta bakin titi ba kamar yadda ya saba.

Ranar taron ya sa babbar riga, ya tsaya a gaban mutanen ya karanta abin da ta rubuta, muryarsa ba hawa ba sauka. Ya faɗi adadin yaran da suka rame da bakinsa. Wata likita a cikinsu ta yaba da gaskiyar rahoton, ta ce su sake gwajin yadda ya dace, ƙungiyar za ta duba in sun kawo. Aka tafa kaɗan, aka kira mai magana na gaba. Suka hau adaidaita suka kamo hanya har suka kusa gida. Nan Kawu ya ce bayan sallar layya za a fara, kuma ita za ta raba yaran rukuni biyu da kanta, tunda nasa rabon bai yi ba.

Ta ce to.

Tun daga lokacin kowace Asabar tana Zaitawa. Iyaye mata suna layi a ƙofar soro, Kawu yana ɗora yara a sikeli yana faɗin awo, ita tana shigarwa. Yana amsa gaisuwarta da kyau, yana tambayar mijinta da aikinta, amma tsokanar da yake yi mata da can ta tafi. Inna 'Yardada kuwa gaisuwa kawai ke haɗa su. Wani lokaci in an ɗora yaro, allurar sikelin ta tsaya ƙasa da inda ta tsaya a watan baya, Kawu yakan yi jim kafin ya faɗi lambar, sannan ya faɗe ta daidai. Shamsiyya takan rubuta. Ba ta leƙa sakamakon ba tukuna, ta ce masa ba a dubawa sai an gama. Gaskiya ne haka ƙa'idar take. Amma ta san ranar tana zuwa, kuma duk abin da ya fito, ita ce dai za ta juyo ta dube shi ta faɗa masa.